Rantsuwar Kawu a Kan Motata

Ranar da muka rufe Kawu, wan mahaifiyata, motocin da suka tsaya a ƙofar gidansa sun fi ƙarfin lungun. Ƙauyen nasu yana gaba da Karare kaɗan, hanyarsa kuma da damina sai wanda ya san ta, amma direbobin Batsari da na Safana sun zo. Wasu ma da kayan mutane a bayan motocinsu, domin a hanya labarin ya same su, ba su tsaya saukewa ba. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Mun faɗe ta ranar har bakinmu ya bushe.

A wurin zaman makoki na ga abin da ban saba gani ba, wato mutane suna dariya da hawaye a fuskarsu. Wani tsohon direba da ya daina tuƙi tun ina saurayi ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'a aka shafa, sai ya dubi jama'a ya ce to yanzu wa zai riƙa zaginmu? Aka kwashe da dariya, shi kuma ya ja bakin rawaninsa ya rufe ido. Wani dattijon Bafulatani ya taso tun daga wajen Babban Duhu. Ya ce shekarun baya ƙafar amalankensa ta karye a tsakiyar hanya da buhunan gero a kai, Kawu yana wucewa a babur ya tsaya, ya koma Batsari ya ɗauko kayan aiki, bai bar wurin ba sai da shanun suka ja. Ya ce bai san sunansa ba ma sai bayan shekara biyu. Wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya ce Kawu ya taɓa ɓoye masa makullin babur kwana uku saboda birkinsa ba ya ci, har ya yi niyyar kai ƙara wurin mai unguwa, ya fasa don kunya.

Ni kuwa kowa ya zo sai ya riƙe hannuna ya sa mini albarka, wai ni na kai shi asibiti, na yi abin da ɗa yake yi wa uba. Ina amsawa ina sunkuyar da kai. Babu wanda ya tuna, ko kuma sun tuna sun yi mini kara, cewa kusan shekara biyu Kawu bai sa ƙafarsa a motata ba. Rantsuwa ya yi. A cikin shekara biyun nan babu ranar da ban ji tsoron kada mutuwa ta ɗauki ɗayanmu bai yafe mini ba. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don 'ya'yana su san wane ne kakan nasu, su kuma san irin taurin kan ubansu.

Bakanike ne. Garejinsa a Batsari rumfa ce ta tsohon kwano a gindin darbejiya, da benci guda wanda ƙafarsa ɗaya bulo ce. Ba ya taɓa ƙananan motocin da ke jigila zuwa Katsina, yana cewa waɗannan na 'yan kwalta ne. Aikinsa tsofaffin akori-kura masu jan ƙafa huɗu, waɗanda ke shiga ƙauyuka su kwaso gero da dawa da gyaɗa. Shi ne ya yi suna wajen ɗaga mota: ya ƙara mata ganyen sifirin, ya sa mata manyan tayoyi, ta tashi sama yadda za ta ƙetare kwazazzabo da rafi cikinta bai taɓa ƙasa ba. In ka ga akori-kura a kasuwar Batsari tsaye ƙiƙam ta fi 'yan'uwanta tsawo, to ta bi ta hannunsa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, da hula guda wadda giris ya daɗe da canza mata launi. Yana da faɗa, wannan ba zan ɓoye ba don ya mutu. In direba ya fara yi masa bayanin abin da ke damun mota, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Bari, ba kai na tambaya ba, ita za ta hwaɗa mini.” Daga nan sai ya shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin motar ya kwanta rigingine, ya sa mai motar ya zauna a ciki yana kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali. Ba ya kallo. Rufe ido yake yi, ya riƙa ɗora tafin hannunsa a kan gaɓoɓin ƙarafan da ke juya tayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Duk gaɓar da ta saki, komai ƙanƙantar wasan da take yi, hannun nan zai ji. Na sha gwadawa in ɗora nawa a inda ya ɗora, ban ji komai ba sai sanyin ƙarfe.

Yana da wata ƙa'ida da direbobi ke tsegumi a kai: ba ya sallamar motar da bai shiga ba. In ya gama aiki sai ya wanke hannu da kananzir, ya shiga gaba, ya ce wa mai motar ya ja su tafi. Za a bi da shi gargada, a hau kwalta, a juya dama a juya hagu, shi kuma yana zaune ya dafa gaban motar kamar mai sauraron wa'azi. Ko da ranar kasuwa ce, ko fasinja na jira, sai an yi wannan zagayen. Dalilinsa guda ne, wai ba zai aika 'ya'yan mutane a cikin abin da shi bai yarda ya sa ransa a ciki ba.

Motata ma daga hannunsa ta fito. Lokacin da na yi aure ba ni da tsayayyar sana'a, sai ya kira ni gareji ya nuna mini wata tsohuwar akori-kura da ya daɗe yana haɗawa. Ya miƙo mini makulli ba tare da ya dube ni ba, ya ce in je in nemi abincin ɗiyar mutane. Da na fara godiya sai ya ce in matsa ina tare masa haske. Tun daga ranar yake kira na Malam Direba, in kuma na ɓata masa rai, Direban Gwamna. Da motar nan na riƙa bin kasuwanni tsakanin Batsari da Safana da Babban Duhu, da ita na gina ɗakina.

Bayan wasu shekaru sitiyarin ya fara rawa. Motar da aka ɗaga ta gaji wannan lalura. A gargada lafiya lau, amma da zarar na hau kwalta na taka wuta, in taya ta faɗa ƙaramin rami, sai sitiyarin ya kama kakkarwa a hannuna, gaban motar gaba ɗaya yana girgiza, ba ya dainawa sai na rage gudu kamar zan tsaya. A shekarun nan kuwa, kowa ya san akwai wuraren da direba ba ya son rage gudu a hanyoyinmu. Ka hango daji ya matso bakin titi, mata da yara a bayanka, mota kuma ta ce sai ka tsaya. Sau biyu abin ya same ni a irin wurin nan, na isa gida rigata sharkaf da gumi.

A tasha na ji labarin maganin. Wani ƙarfe ne mai kama da famfon keke, cike da mai, direbobi suna kiran sa shokazobar sitiyari. Ana ɗaura shi a kwance a gaban mota, kai ɗaya a jikin gatarin tayoyi, ɗayan a jikin sandar da ke juya su, sai ya riƙa danne rawar kafin ta iso hannun direba. Na sayo shi sabo fil a kwali daga Katsina, na kai wa Kawu ina murna.

Ya juya shi a hannu, ya ja shi ya tura, ya ce ƙarfe ne mai kyau. Sai ya shimfiɗa buhunsa ya ce in hau in kaɗa. Bai daɗe ba ya fito yana kakkaɓe baya. Ya ce kan tayarod na dama ya cinye, wato gaɓar da ta haɗa sandar da taya, kuma shi ke kawo rawar. Ya ce in ajiye motar kwana uku, ya aika a nemo irinsa, in an canza sannan a ɗaura nawa ƙarfen. Na ce kwana uku ya haɗa da kasuwa biyu, ga mutanen da na yi wa alkawarin kwaso gyaɗarsu, ya ɗaura mini yanzu, in an kwana biyu na kawo a canza ɗayan.

“Ba ka kawowa,” in ji shi. “Wanga ƙarhe ƙwayar ciwon kai ne. In na ɗaura shi rawar za ta ɓace daga hannunka, ka manta, cutar kuma tana nan ƙasa tana ci. Ran da gaɓar nan ta hita, taya guda ta yi gabas guda ta yi yamma, kana tahe da mutum goma sha.”

Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Amma akwai direbobi a kan benci suna saurare, ni kuma ina ganin na girma. Na ce masa shi yana zaune a inuwa ne, bai san abin da ke hanya ba yanzu, zamaninsa na tafiyar hawainiya ya wuce. Na ce akwai bakanikai a Katsina da suka fi shi sanin kayan zamani. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Mutumin da ya ba ni motar nake gaya wa haka, a garejinsa, a gaban abokan hirarsa.

Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya mayar da ƙarfen cikin kwalinsa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce wallahi muddin motar nan tana a haka ba zai ƙara sa ƙafarsa a cikinta ba. Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Washegari wani bakanike a bakin hanya a Katsina ya ɗaura mini shi cikin rabin awa. Rawar ta ɓace ɗif. Na dawo ina wucewa ta gaban garejin Kawu ina danna hon. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar motar ta daina juyawa dama sosai. In zan juya a tasha sai na yi baya sau biyu, 'yan kamasho suna yi mini tsiya, ina cewa manyan tayoyi ne. Kan tayarod kuwa, kamar yadda ya faɗa, ban koma ta kansa ba.

Ba gaba muka yi ba, gara ma a ce gabar ce. Ina zuwa gaishe shi, yana amsawa, ya tambayi iyali da yara ɗaya bayan ɗaya, amma Malam Direba ta ɓace daga bakinsa, sai ya kira ni da sunana na yanka kamar baƙo. Da idonsa ya fara rauni ya rufe gareji ya koma ƙauye, a motar wani aka kwashe masa kaya. Ranar sunan ɗiyata ya zo Batsari a bayan babur cikin yayyafi, tsoho da shi, alhali na aika cewa zan zo in ɗauko shi. Mahaifiyata ta yi mini faɗa har ta gaji. Sau da yawa nakan tashi da niyyar in kai masa motar in durƙusa, sai in ce bari kasuwar nan ta wuce.

A daminar bana ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama. Wata safiya matarsa, wadda muke kira Inna, ta kira ni ta ce jikin ya yi tsanani, ma'aikacin lafiya ya ce sai Katsina. An kwana ana ruwa, rafin da ke kafin ƙauyen ya kawo, babu ƙaramar motar da za ta shiga, shi kuma ba zai iya zaman babur ba. Na ɗauki mahaifiyata muka tafi, muka isa da hantsi.

Aka fito da shi ana riƙe da shi. Da ya ga motar sai ya tsaya. Ya tambaye ni ko na canza abin da ya ce, na sunkuyar da kai. Ya ce a mayar da shi ɗaki. Mahaifiyata ta fashe da kuka tana cewa Yaya wannan wane irin hali ne, rai ake magana. Limamin ƙauyen da ya zo dubiya ya yi masa nasiha cewa rantsuwa irin wannan tana da kaffara, lalura kuma ta halatta. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce Allah Ya gafarta Malam, ba kaffarar ce ta dame shi ba, a motar nan za a sa matarsa, kuma ɗan ƙanwarsa ne zai ja.

Sai ya ce wa Inna ta ɗauko masa abin da ke ƙasan akwatin ƙarfe. Ta shiga ta fito da wani ƙunshi na tsumma mai maiƙo. Na kwance, sai ga kan tayarod sabo, daidai na motata. Inna ta ce mini a hankali, a makon da muka yi rigimar ya aika aka sayo, ya ajiye yana jiran in kawo motar, da za su tashi daga Batsari ma shi ya fara sa wa a akwati. Na zagaya bayan mota na tsaya har sai da idona ya washe.

Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motar, domin ya ƙi yarda ya ba da umarni daga nesa. Ni da liman muka kwantar da shi, Inna ta tallafe masa kai da matashi. Na fito da jak da sifanu, na yi aikin yana gaya mini abin da zan yi, numfashinsa yana fita da ƙyar. Da tsohon kan ya fita, sai ya rabu biyu a hannuna ba tare da na ja shi ba. Na tuna mutanen da na ɗauka a kansa shekara biyu. Kawu ya karɓa ya shafa, bai ce ai na gaya maka ba. Ya ajiye shi gefe kawai.

Na ɗauka zai ce in cire shokazobar in jefar. Sai ya laluba ya dafa ta, ya yi tsaki, ya tambaya wane maƙiyin Allah ne ya ɗaura wannan. Ashe mutumin bai daidaita ta ba, ya ɗaure ta tana gab da ƙarshen tafiyarta, shi ya sa in na juya dama take tokarewa. Ya sa na miƙe tayoyin sak, na kwance kai ɗaya. Ya ce a ba shi zaren buhu. Na ja sandar ƙarfen ta fito har ƙarshe ya auna da zaren, na tura ta ta shige har ƙarshe ya ƙulla alama, sai ya ninka tsakanin gida biyu, ya ce in tsayar da ita daidai nan in ɗaure, don ta samu tafiya ɗaya hagu da dama. Na ɗaure notin ya sa hannu ya gwada, ya ce in ƙara.

“Ban taɓa cewa ƙarhen banza ba ne,” in ji shi. “Cewa na yi lahiyayye ake ɗaura ma shi. Hau ka kaɗa mini, Malam Direba.”

Na hau ina kaɗawa, hawaye na zuba a kan sitiyari, shi yana ƙasa ido rufe yana bin gaɓoɓin da hannu. Sai bayan azahar muka gama. Ya yi sallarsa a zaune, aka ɗaga shi aka sa a gaba, shi a tsakiya kusa da ni, Inna a bakin ƙofa. Mahaifiyata ta tsaya a gida da yaran gidan.

Muka ƙetare rafin ruwa yana dukan ƙofa. Muka wuce Karare, muka wuce Batsari, muka hau kwalta. Hannunsa yana kan gaban motar kamar yadda ya saba. Da muka kai gudun da rawar ta saba farawa, ƙafata ta ɗaga da kanta, sai na ji ya ce ƙara. Na ƙara. Muka faɗa rami, muka faɗa wani, sitiyarin bai ko motsa ba. Ya ɗan jima yana saurare, sannan ya janye hannunsa ya ɗora a cinya.

Na daɗe ina tattara maganar a bakina. Shekara biyu ina shirya ta, da dogon bayani da dalilai, amma da lokacin ya zo guntuwa ce ta fito. Ban kalle shi ba, na ce, “Kawu, ka yahe mini.”

Bai amsa ba. Na jira, na ce a raina ko bai ji ba ne saboda ƙarar inji. Ina shirin maimaitawa sai na ji nauyi a kafaɗata ta dama. Kansa ne. Na firgita na nemi birki, Inna ta ɗaga mini hannu, ta kara kunne kusa da shi ta ji yana numfashi.

“Barci ne, kar ka tashe shi,” ta ce. “Shekara arba'in da aurenmu, ban taɓa ganin ya runtsa ido a motar da wani ke ja ba.”

Kwana uku ya yi a asibiti. Yakan buɗe ido ya rufe, amma bai ƙara yin maganar da za a gane ba, a rana ta huɗu da safe Allah Ya karɓi abinsa. Kalmar da na roƙa ban same ta daga bakinsa ba, ba kuma zan yi wa mamaci ƙarya in ce ya faɗa ba. Abin da na samu shi ne nauyin kansa a kafaɗata tun daga bayan Batsari har ƙofar asibiti. Da hannun hagu na riƙa miƙawa ina sa giya don kada kafaɗar ta motsa, muka isa hannuna na dama ya mutu murus.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, mai faɗa ne amma bai taɓa cutar da ran kowa ba. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Ka sa barcin da yake yi yanzu ya fi wanda ya yi a kafaɗata daɗi.